Na Ce Musu Da Sauƙi

Tun da na dawo daga Tunis ba ni da sakat a fada, majalisarmu ta shan shayi. Duk wanda ya miƙo mini kofin shayi sai ya haɗa da tambaya: yaya ƙasar take, me suke ci, wane irin magani ne wannan da sai an hau jirgi kafin a sha shi. Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, kuma na lura duk guntun da ya zagaya unguwarmu ta Zariya a nan Maraɗi ya dawo kunnena sai in ji ya yi ƙiba. Shekaranjiya wani ya tare ni a bakin masallaci, wai da gaske ne an zuƙe jinina kaf an ɗura mini na Balarabe? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Akwai kuma wani yanki da ban taɓa faɗa a fada ba, don bakina ba ya iya ɗaukarsa a gaban mutane. Shi ma zan sa shi a nan.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Jiratawa. Shekara goma sha tara ina riƙe da alli, har sunana na yanka ya ɓace, kowa Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, har matata Hadiza. Ciwon ya faro ne da abin da ba a ɗauka ciwo ba: haɓo, da dasashi mai jini in na yi asuwaki. Da abin ya ƙi ƙarewa aka auna jinina, lokotoro, wato likita, ya ce plaket ɗina sun yi ƙasa ƙwarai. Plaket wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa ne a cikin jini, su ne ke toshe rauni in mutum ya yanke. Mai lafiya yana da su sama da dubu ɗari da hamsin a awo. Ni nawa ba su kai dubu goma ba, kuma wai jikina ne da kansa ke cinye su.

Aka hana ni hawa babur, don faɗuwa ɗaya ta isa jini ya tsinke a cikin kaina. A Maraɗi kuwa a hana mutum babur, an zaunar da shi ke nan. Aka ɗora ni kan kortizon, fuskata ta kumbura, mutane suka riƙa yi mini barka wai na yi ƙiba, hutu ya karɓe ni. Da an rage maganin sai plaket su koma gidan jiya. Haka muka yi ta yi shekara biyu. Daga ƙarshe lokotoron da ke duba ni a Yamai ya ce saura abu biyu: ko a cire mini saifa, wanda bai da tabbacin zan tashi daga teburin aikin da irin wannan jini, ko kuwa ya rubuta wa wata malamarsa a Tunis da ke gwajin wani sabon magani. Ya ce gwaji ne, ba a gama sanin halinsa ba, amma in sun karɓe ni, ita ce ƙofar da ta rage. Bayan wata ɗaya amsa ta zo, sun karɓe ni. Yayana Alhaji Ilya, wanda ke fataucin atamfa, shi ya ɗauki nauyin tafiyar, bai bar ni na ko buɗe baki ba.

Ana jibi zan tashi na je Tsibiri yi wa Inna ban kwana. Na tarar da ita tana sheƙar gero. Ba ta tambaye ni sunan maganin ba, ba ta tambayi nisan ƙasar ba. Cewa ta yi, "To, in ka kwanta can, wa ka zuwa gaishe ka?"

Na ce, "Inna, magani za ni sha, ba biki za ni ba."

Ta ce, "Kai dai ba ka san komi ba, duk da bokonka." Ta ɗaure mini garin gero a leda biyu, ta tofa addu'a a tafin hannuna. Na fito ina dariya a raina, ina cewa tsofaffi dai sai a bar su.

Kar, wato babbar motar fasinja, ta tashi da mu bayan sallar asuba. Hadiza ta rako ni tasha, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda aka saba, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Wanda Allah ya haɗa ni kujera da shi wani ɗan kasuwar albasa ne mai komawa Galmi, mutum mai faɗin kafaɗa da yawan zance. Kowane rami muka faɗa sai kafaɗarsa ta doki tawa, ni kuwa ina lissafin tabon da zai fito a wurin kafin yamma. Da ya ji inda za ni, ya gyara zama ya buɗe mini farmasi: zoɓo ba sukari, hantar raƙumi, ganyen gwanda, da wani mutum a Madawa da ke tsayar da jini da tofi kaɗai. Ya sauka a Galmi yana rantsuwa cewa asarar tafiya zan yi. Duk da haka da ya tafi na ji kewarsa, don daga nan har Yamai ba wanda ya ƙara ce mini uffan.

Bayan mun wuce Dogon Dutse haɓo ya ɓalle mini. Na toshe hanci da auduga, na sunkuyar da kai. Wata mata daga kujerar baya ta leƙo ta ce, "Malam, lahiya?" Na ce zafin rana ne kawai. Ta ce Allah shi sawwaƙe, na ce amin.

Kwana biyu na yi a Yamai a masaukin yaran kasuwar Alhaji Ilya, sannan na hau jirgi karo na farko a rayuwata. Game da jirgi ba ni da abin faɗa, na rufe ido na kama salati har muka sauka. A duwan ɗin Tunis ne, wato kwastan, aka fara wasan. Jami'in ya buɗe jakata ya ci karo da garin kuka, ya ɗaga ledar sama yana kallona, yana kallon koren gari. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Ni da na shekara goma sha tara ina koyar da Faransanci, ranar nan na rasa yadda zan bayyana miyar kuka. Na ce ganyen itace ne, suka ƙara haɗe fuska. Na ce ana ci da tuwo, suka ce mene ne tuwo. Sai da na lakaci garin na sa a baki a gabansu, sannan babbansu ya yi dariya ya ce in rufe. Kilishin da Hadiza ta sa mini kuwa suka ce doka ta hana shiga da nama, suka ajiye shi gefe. Na waiwaya sau biyu ina kallonsa.

Sanyi na tarar, da ruwan sama siriri wanda ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Masaukina ɗaki ne a hawa na uku, a gidan wata tsohuwa mai suna Hajja Zuhra, wadda ke ba marasa lafiya baƙi haya. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta suna Turai, ita da kyanwowi huɗu ne a gidan. Mace ce mai tsabta da kirki, amma maganarta ba ta wuce kalma biyar. Ta nuna mini gado, ta nuna mini yadda ake kunna ruwan zafi, ta miƙo mini mabuɗi, ta ja ƙofa ta rufe.

Ni kuma na tashi na buɗe. A wurinmu ba a rufe ƙofar mara lafiya. Lokacin da ciwona ya tsananta a gida, tabarma uku ake shimfiɗawa a zaure, mutanen Jiratawa su zo, na Tsibiri su zo, iyayen yaran da na koyar su zo da kaza ko ƙwai, wani ma bai san ka ba, maƙwabcinka ya rako. Har gajiya nake yi, in ce da ma a bar ni in huta. To ga shi an bar ni. Kashegari na sayo ƙananan kofuna shida da ganyen shayi, na jera su a kan tebur, na bar ƙofa a buɗe. Ban san wa nake jira ba. Na dai ɗauka a gida mai hawa biyar, in aka ji an kawo baƙo mara lafiya, wani zai leƙo. Kyanwowin Hajja ne kaɗai suka shigo. Ita kuma duk ta wuce sai ta ja ƙofar ta ce, "Sanyi, sanyi," ta tafi. Kwana huɗu muna haka, ina buɗewa tana rufewa, sannan na haƙura.

Kada a ce na ce mutanen banza ne. In ka ɓata hanya, mutum zai bar abin da yake yi ya kai ka har inda za ka. Amma gaisuwarsu gajera ce, kafin ka kai ga tambayar iyali ya yi nisa. Ran Juma'a na je masallaci da murna, na ce yau dai zan sami mutane. Aka sallame, na kusa da ni ya ba ni hannu, ya ɗauki takalmansa. Na zauna har masallacin ya watse, mai shara ya zo yana jira in ɗaga ƙafa.

Abinci kuma, burodi ne safe da rana da yamma, ga kifin gwangwani da suke zubawa a kan komai, har a kan ƙwai. Ranar farko na ga wani jan abu a ɗan faranti, na ɗauka miyar tumatir ce, na cika cokali. Harisa suke ce masa, barkono ne niƙaƙƙe tsantsa. Ni da nake taƙama da cin yaji, sai da hawaye suka zubo mini, mai gidan abincin yana ta miƙo ruwa yana dariya. Kuskus ɗinsu yana da daɗi, ba zan ɓoye ba, ya yi kama da dambunmu. Amma ni kaɗai nake ci, ina fuskantar bango, kuma abincin da aka ci haka ba ya zama a ciki. Da safe nakan dama kunu da garin Inna, ina tsimi da shi kamar magani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya kai ni. A asibitin, lokotoron mace ce, doguwa mai furfura, ba ta son wasa. Kowa Dokta yake ce mata. Ta zaunar da ni ta karanta mini wata doguwar takarda shafi-shafi: maganin ba shi da suna tukuna, lamba ce kawai a jikin kwalbar, an gwada shi a kan mutane kaɗan, ana fatan ya hana jiki cin plaket, amma yana iya taɓa hanta, yana iya kawo abin da su ma ba su sani ba, za a fara mini da kaɗan, a riƙa ƙarawa, in na ga dama ina iya fita kowace rana. Na sa hannu. Sannan ta haɗa ni da ma'aikaciyar jinyar da za ta riƙa bibiyata, Madam Salwa, wadda ta ba ni wani ɗan karne, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango. Ta ce kowace rana in rubuta duk abin da na gani ko na ji a jikina: jini daga hanci, daga baki, a fitsari, a bayan gida, ciwon kai, jiri, komai ƙanƙantarsa. Na ce wannan ai aikina ne, rubutu.

Litinin da Alhamis muke zuwa. Mu bakwai ne a ɗakin jira, amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Si Munir, wani tsohon direban jirgin ƙasa. Ban taɓa ganin namiji mai ƙorafi irinsa ba. Da Madam Salwa ta ce, "Yaya jiki?" sai ya buɗe karnensa ya fara: ran Talata kansa ya sara daga nan zuwa nan, ran Laraba ya ga ɗigon jini a buroshin haƙori, cikinsa ya yi ƙugi sau uku, bayan gidansa kalarsa kaza. A gaban mata, a gaban kowa! Ni kunya ta kama ni a madadinsa. Na ce a raina, wannan da a Maraɗi ne, da yara sun sa masa suna. Ina haƙurin, ina godiyar Allah?

Sai ta juyo wurina. Madam Salwa mace ce mai taushin murya, kuma in tana tambaya takan jawo kujera ta zauna, ta dube ka a ido. Ku tuna, a duk faɗin garin nan ita kaɗai ce ke tambayata yaya jiki. Tun daga daren Lahadi nake ɗokin wannan tambayar. In ta yi ta, ba ma'aikaciya nake gani ba, mai dubiya nake gani, wadda ta taso ta zo gaishe ni. Mai dubiya kuwa ba a sallamarsa da baƙin labari. An haife ni na tarar ana cewa da sauƙi. Babana yana kan gadon da bai tashi ba, numfashi da ƙyar, aka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi, bayan la'asar aka yi masa sutura. Don haka na ce mata, da Faransancina mai kyau, "Da sauƙi, Madam, alhamdu lillahi." A karne kuma kowace rana na rubuta kwanan wata da kyakkyawan rubutun allo, na ja layi, na sa: lafiya lau.

Ba lafiya lau ba ne. Tun mako na biyu dasashina ke zuba kowace safiya, sai in kurkure da ruwan sanyi kafin in fita. Ƙananan ɗige-ɗige sun fito mini a ƙauri, na rufe su da dogon safa saboda sanyi, kuma a baƙar fata irin tawa ba kowane ido ke ganinsu ba. A mako na uku bayan gidana ya koma baƙi ƙirin. Wannan ko da wuƙa a wuyana ba na jin zan iya faɗa wa mace. Awon jini yana nuna plaket ba su motsa ba, amma Dokta takan duba karne ta ce, tunda ba na zubar da jini, za a bi a hankali yadda tsarin ya ce. Ni kuma in gyaɗa kai.

Da yamma Hadiza takan kira. "Mushe, ya jiki?" "Da sauƙi." "Kana cin abinci?" "Ina ci." Sai ta ba ni labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya dawo daga Kano, sannan mu yi sallama. In na ajiye wayar sai ɗakin ya ƙara girma. Na yi kewar gida irin wadda ban san ana yi ba, har hayaniyar ƴan kabu-kabu na yi kewa.

Ran Litinin ta mako na huɗu na tashi da wasu ƙuraje baƙaƙe cike da jini a cikin kumatu, ga haɓo da ya ƙi tsayawa. Na toshe hanci da auduga, na sa kashne, wato ƙyallen rufe fuska, na rufe baki da hanci kamar mai mura, na tafi. Hawan matakalar asibitin sai da na huta sau biyu. Madam Salwa ta jawo kujera ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi. Ta kalli kashnen. Ta ce, "Cire." Na ce mura ce. Ta ce, "Mushe, cire." Da na cire, audugar ta biyo shi, jini ya zubo a kan rigata. Ta sa na buɗe baki ta haska, ta durƙusa da kanta ta zame safar ƙafata. Sannan ta ɗauki karnen ta riƙa buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, lafiya lau, lafiya lau. Ba ta yi mini faɗa ba.

Kwana uku na yi a kwance, ana ƙara mini jini da plaket. An ce jini ya daɗe yana tsiyaya a cikina. Rana ta biyu, wa zan gani a bakin ƙofa? Si Munir, da lemu a leda. Ya zauna ya yi mini ƙorafin gwiwarsa na rabin awa ya tafi. Shi ne mutum na farko da ya zo dubiyata a ƙasar, kuma Allah ya sani na ji daɗin zuwansa.

Rana ta uku Dokta ta shigo ta rufe ƙofa. Karnen yana hannunta. Ta ce, "Me ya sa ka yi mana ƙarya?"

Kalmar ta soke ni. Na ce ni ban taɓa ƙarya ba, ladabi ne. Na yi mata bayanin dubiya, da tabarma uku, da babana. Na ce a wurinmu in ka lissafa ciwonka kamar kana kai ƙarar Ubangiji ne, kuma kana ɗora wa wanda ya zo gaishe ka kaya.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Na gane, kuma kakata ma haka take. Amma da ka faɗa tun mako na biyu, da mun tsayar da jinin, da mun ƙara maka magani tuntuni. Wannan maganin ba mu san shi ba, Mushe. Bakinka ne idonmu. Ba zan iya ba da maganin da ban sani ba ga mutumin da ba zai gaya mini abin da yake yi masa ba. Kuma bayan mako tara gida za ka koma da shi, inda ba Salwa da za ta ce ka cire kashne." Ta ajiye karnen a kan gado. Ta ce shawarar da ke gabanta ita ce ta cire ni daga gwajin.

Na ji kamar gadon ya zame daga ƙarƙashina. In ta cire ni, saura teburin aikin da aka ce ba lalle in tashi ba. Ni da nake sa yara su durƙusa, na roƙe ta. Na ce zan rubuta komai, zan fi Si Munir.

Ta ce alkawarina bai ishe ta ba. Sai in akwai wani a gida da zai riƙa duba ni da idonsa yana rubutawa, wanda zai kira ta ko ban yarda ba. Ta ce, "Matarka ta san halin da kake ciki?" Na ce ba ta sani ba. Ta ce, "To kira ta yanzu, a gabana, ta ga fuskarka. Ka gaya mata duka. In ka iya, ka zauna. In ba ka iya ba, zan rubuta maka takardar komawa."

Na yi kiran bidiyo. Hadiza ta ɗauka tana tsakar gida, na hango turmi a bayanta da igiyar shanya. Ta ga gadon asibiti, ta ga robar jini a hannuna. Duk da haka ta ce, "Mushe, ya jiki?" Amsar tana bakina, ta saba fita da kanta. Na haɗiye ta.

Na ce, "Hadiza, babu sauƙi." Ban taɓa jin muryata haka ba. Na gaya mata dasashin, da ƙaurin, da abin da na ce ko da wuƙa ba zan faɗa ba. Na ce mata tun a gida abin ya fi yadda nake nunawa. Na ce, "Tsoro nika ji. Ni ɗai na nan, kuma tsoro nika ji." Shekara goma sha bakwai da aurenmu, ban taɓa gaya mata ina jin tsoron wani abu ba.

Ta ce, "Na sani, Mushe."

Na ce, "Kin san mi?"

Ta ce, "Shekara biyu ni ka wanke rigar matashin kanka. Kullum da sahe kana juya shi ka ɓoye wurin jinin, ni kau ina jiran ka hita in cire. Yadi iri guda na saya na ɗinka guda shidda, don kak ka gane na canza, kak ka ji kunya. Ba ka hwaɗi ba, ni kau ban iya tambaya ba." Ta sa bakin zane ta share fuska. "Ba ni lokotoron."

Dokta ta tambaye ni me ta ce. Na kasa fassarawa, na miƙa mata wayar kawai. Hadiza ta tsaya a aji uku na kwaleji, kuma ni kaina na sha yi mata dariyar Faransancinta. Ranar nan da shi ta lissafa wa Dokta abubuwan da ta gani a shekara biyu, wata bayan wata, har da waɗanda ni na manta. Dokta ta jawo takarda tana rubutawa. Da suka gama ta dube ni ta ce, "Ka zauna. Amma ba don kai ba."

Aka ƙara mini magani. A mako na shida plaket suka fara ɗagawa, a na takwas suka wuce dubu sittin, dasashina ya bushe. Ba warkewa ba ce, Dokta ta ce kada in kira ta haka, ba wanda ya san ko za ta ɗore. Shafukan nan na farko na karnen kuwa an ja musu jan layi, ba su da amfani ga kowa. Ranar da zan tafi na bar wa Hajja Zuhra ragowar garin kuka, ta karɓa da yatsa biyu tana godiya.

Da na iso gida kwana uku zaure bai huta ba. Jiratawa ta zo, Tsibiri ta zo, Inna da kanta aka kawo ta a mota. Kowa ya ce ya jiki, na ce da sauƙi, don su dubiya suka zo, kuma haka ake amsa ta. Har yanzu ban koma kan babur ba, kuma duk mako biyu ina zuwa awon jini a aika sakamakon can.

Karnen yana wurin Hadiza, a cikin kwabarta, ba ta ba ni ko in taɓa. Kowace safiya kafin in sha kunu takan ce in zauna a bakin gado. Ta kunna fitilar waya ta ce in buɗe baki, ta duba ƙaurina, ta ɗaga matashin ta juya shi a gabana, sannan ta rubuta abin da ta gani. Ita kam ta daina tambayata ya jiki.